Gas na tashi a bayan kwata, mu kuma muna hura icce

 A wannan makon ba girki za mu koya ba. Za mu leƙa wuraren da ake sarrafa abincinmu kafin ya iso madafi, mu ga abin da ake bari a can bayan katanga.

Ki dubi abin da kika ɗora yau. Naman miya a kwata aka yanka shi. Manjan daga kudu ya zo, bayan an dafa kwakwar an matse ta. Shinkafar sai da aka jiƙa ta aka turara kafin ta shiga inji. Garin kwakin da yara ke jiƙawa da ƙuli-ƙuli, rogo ne aka fere, aka gurza, aka matse ruwansa. Kowane ɗaya daga cikinsu ya bar wani abu a inda ya fito: jini, kayan tumbi, ɓawo, da ruwa mai kauri mai tsami. A mafi yawan wurare a Najeriya, rami ake turawa, ko kududdufi, ko kwalbati, a bar shi ya ruɓe. A cikin wannan ruɓewar ne wata iska ke fita da ake kira metan. Iska ce mai kama wuta, tana iya dafa tuwo, kuma idan aka bar ta ta tashi sama tana ƙara wa duniya zafi.

Yadda ruɓa ke zama gas

Kin san yadda ruwan gasara ke tsami idan ya kwana biyu. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke cin abin da ke cikinsa suna mayar da shi tsami. A rami mai zurfi aikin ba ya tsayawa a nan. Can ƙasa, inda iskar numfashi ba ta kaiwa, akwai wasu halittun daban da ba sa rayuwa sai a irin wannan wuri. Su ke cinye tsamin su fitar da metan. Idan kika ga kududdufin bayan masana'anta yana ɓulɓulo da ƙananan kumfa kamar ana dafa shi daga ƙasa, aikinsu ne. Irinsu ne ke cikin tumbin saniya da akuya, shi ya sa dabbobin ke gyatsar wannan iska.

Abubuwa biyu suke so: zurfi da ɗumi. Sun fi ƙwazo idan zafin wurin ya kai wajen digiri 35, wato irin yanayin da muke ciki watanni da yawa a shekara. Sharar da aka baje a fili ta sha iska ta bushe ba ta fitar da metan sosai. Wadda aka tara a rami ruwa ya rufe ta, ita ce matattararsa.

An daɗe da sanin wannan iska. A shekarar 1776 wani masani ɗan Italiya mai suna Alessandro Volta ya tara kumfar da ke fitowa daga taɓon bakin wani tafki, ya kusantar da wuta, ta kama. Ita ce kuma iskar da ake haƙowa a yankin Neja Delta, wadda motoci da Keke Napep masu amfani da CNG ke sha. Gas ɗin tukunya da muke saye a cika mana ɗan uwanta ne, ba ita ba ce, amma a kan murhu harshen wutarsu shuɗi ne iri ɗaya.

Metan ba shi da launi, ba shi da wari. Ɗoyin da ke sa ki toshe hanci idan kin gifta kwata na wasu iskokin ne da ke fita tare da shi, musamman wata mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Sai dai inda kika ji wannan ɗoyi yana tashi daga ruwa mai kwanciya, to da wuya a rasa metan a wurin.

Me ya haɗa wannan da gidanki?

Zafi ne na farko. Metan na riƙe zafin rana a sararin sama kamar bargo. A cikin shekara 20 na farko bayan fitarsa, ƙarfinsa wajen riƙe zafi ya ninka na iskar kabon, wadda ke fita daga salansar mota da janareta, kusan sau 80. Yawansa a sama yanzu ya haura ninki biyu da rabi na yadda yake kafin zamanin injina, kuma masana na ɗora masa kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarin zafin da duniya ta samu tun daga lokacin.

Mu a wannan yanki ba sai an yi mana dogon bayani a kan zafi ba. A ranar 3 ga Afrilun 2024, cikin watan azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga mutuwar mutum fiye da 100 a kwana huɗu na farkon watan, yawancinsu tsofaffi. Masanan da suka bi diddigin lamarin sun ce da ba don ɗumamar da ɗan Adam ya jawo ba, zafin ba zai kai haka ba. Kowace uwa ta san wanda ya fi jigata a irin waɗannan darare: jariri, mai ciki, da tsohuwar da ke ɗaka.

Na biyu numfashi ne. Idan metan ya gauraya da hayaƙi a cikin rana, yana taimakawa wajen samar da wata iska a kusa da ƙasa da ake kira ozon, wadda ke tayar da asma tana kuma rage yabanya. Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2021 cewa idan aka rage metan da mutane ke fitarwa da kashi 45 cikin 100 kafin 2030, za a kauce wa mutuwar mutum 255,000 da zuwa asibiti sau 775,000 saboda asma a kowace shekara, a kuma tsirar da tan miliyan 26 na amfanin gona.

Akwai abin ƙarfafa gwiwa a nan. Iskar kabon na iya shafe ɗaruruwan shekaru a sama, shi kuwa metan wajen shekara 12 yake yi ya baje. Abin da aka rage yau, yaron da ke goye a bayanki zai ga amfaninsa kafin ya gama sakandare.

Kwata, manja, rogo da shinkafa

Gaskiya ɗaya ce, masana'antun abinci ba su ne kan gaba wajen fitar da metan ba. A duniya, noma da kiwo ke da kusan kashi 40 cikin 100 na abin da mutane ke fitarwa, man fetur da gas da kwal kusan 35, shara da gurɓataccen ruwa kusan 20. Ruwan masana'antun abinci wani yanki ne na wannan kashi na ƙarshe. Abin da ya bambanta shi shi ne a wuri ɗaya yake taruwa. Ba wanda zai bi garken shanu daga Sakkwato zuwa Taraba yana tare gyatsarsu, amma kududdufin da ke bayan masana'anta ana iya rufe shi.

Mu fara da kwata, ko abbatuwa kamar yadda Kanawa ke cewa. Kowace saniya da aka yanka tana barin jini da kuma ciyawar da ba ta gama narkewa ba a tumbinta, abin da zai cika bokitai. Ki lissafa wannan da yawan dabbobin da ake yankawa kullum a babban gari. Kayan tumbin ma tare da halittun da ke yin metan suke fitowa, don haka da an jibge su aiki ya ci gaba. Abin da ruwa ya kwashe kuma yana bin magudana. A Kano, kogin Jakara na ɗaukar ruwan unguwanni da na abbatuwa, masu lambu kuma na ban ruwa da shi a hanyarsa ta zuwa madatsar Wasai.

Sai manja. A babbar masana'anta, kowane tan ɗaya na manja yana barin tan biyu da rabi zuwa uku na wani ruwa mai kauri, ruwan ƙasa-ƙasa, da ke fitowa da zafinsa. Hanya mafi arha ita ce a tura shi manyan tafkuna a bar shi watanni yana ruɓewa, metan na tashi dare da rana. A jihohi irin su Edo, Akwa Ibom da Kuros Riba akwai manyan kamfanoni, amma mafi yawan manjan Najeriya daga hannun ƙananan masu matsa yake fitowa, su kuma rami ne a bayan rumfa.

Rogo kuwa, babu ƙasar da ta kai Najeriya nomansa a duniya, wajen tan miliyan 60 a shekara. Duk inda ake suyar garin kwaki za ki tarar da tulin ɓawo da ruwan matsa yana kwance. Wannan ruwa yana ɗauke da sitaci mai saurin ruɓewa, yana kuma ɗauke da gubar rogo, wadda ke kashe akuyar da ta sha ta kuma ƙone ciyawar da ya bi ta kanta.

A nan arewa tamu ita ce shinkafa. A garuruwa irin su Kura da sauran wuraren da ake turara ta da yawa, ruwan jiƙon da ake zubarwa kullum yana taruwa ya yi tsami ya yi ɗoyi. Bai kai na manja ƙarfi ba, amma hanyar ruɓewar ɗaya ce.

Ga ƙoshi ga kwanan yunwa

A yayin da wannan gas ke tashi a banza, mafi yawan gidaje a Najeriya da icce ko gawayi suke girki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya a shekarar 2020, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 237,000. Mata da yaran da ke zaune kusa da murhu su suka fi shaƙarsa.

A kwatar ma kanta abin ya fi ban takaici. A wurare da dama, da tsofaffin tayoyi ake babbaka ganda da kai da ƙafa, saboda icce ya yi tsada. Baƙin hayaƙin taya yana barin guba a jikin naman da za ki kai tukunya, ga kuma ƙirjin samarin da ke tsaye a kansa tun asuba. Taku kaɗan daga wurin, ramin jini da kayan tumbi na fitar da gas ɗin da zai yi wannan babbakar da wuta mai tsabta.

Dabarar kama shi ba sabuwa ba ce. Ana gina rufaffen tanki, ko a shimfiɗa wata roba mai kauri a kan tafkin a danne gefenta. Shara ta ruɓe a ciki, gas ya taru a sama, a ja shi da bututu. Rabinsa zuwa kashi biyu cikin uku metan ne. Gas ɗin da zai cika tankin ruwa mai lita 1,000 yana iya riƙe murhu mai kai ɗaya wajen awa biyu. Abin da ya rage a ƙasan tankin kuma taki ne mai kyau, ɗoyinsa ya ragu sosai. Ko da ba a yi komai da gas ɗin ba, aka cinna masa wuta kawai a bakin bututu, an rage ɓarnarsa da yawa, domin ƙonewa na mayar da shi ruwa da iskar kabon.

Na san wata za ta ce, ni da gas ɗin jini da kashin shanu zan dafa wa maigida abinci? Iskar kaɗai ke bin bututu, sharar na can a tanki, kuma idan wutar ta kama ba ta da wari ba ta da hayaƙi. Iyayenmu a karkara ma sun daɗe suna hura wuta da busasshen kashin shanu, tuwonsu bai taɓa canja ɗanɗano ba.

Waɗanda suka riga mu

Malesiya, wadda ita da Indonesiya ke samar da mafi yawan manjan duniya, ta fuskanci wannan matsala ta tafkuna. Daga farkon 2014 hukumar manja ta ƙasar ta wajabta wa duk sabuwar masana'anta, da duk tsohuwar da ke son faɗaɗa aikinta, ta kafa abin kama gas ɗin. Wasu na kunna injinansu da shi, wasu na sayar da lantarki. Tsofaffin masana'antu da yawa har yanzu tafkunansu a buɗe suke, amma an kama hanya.

A Tailan rogo ne. Tun farkon shekarun 2000 manyan kamfanonin sitaci, musamman a lardin Korat, suka fara rufe ruwan da suke zubarwa suna busar da sitacinsu da gas ɗin maimakon sayen baƙin mai. Abin da ya ja su shi ne kuɗin man da suka daina kashewa.

A gida ma an gwada. A kwatar Bodija da ke Ibadan, wani injiniya mai suna Joseph Adelegan ya jagoranci shirin mayar da sharar kwata gas da taki, da taimakon fasahar wata jami'a ta Tailan, shirin har ya samu lambar yabo ta duniya a 2005. A Ibadan ɗin dai, masu binciken kiwo sun fito da hanyar gurza ɓawon rogo a matse shi a busar cikin ɗan lokaci ya zama abincin kaji da dabbobi, maimakon ya ruɓe a juji.

Me ya hana abin yaɗuwa? Ginin tankin na cin kuɗi a farko. Yana son mai kula da shi kullum, domin tankin da ke yoyo ya koma gidan jiya. Sannan wannan gas ba ya ɗuruwa a tukunya cikin sauƙi kamar wanda muke saye, saboda haka ya fi amfani ga na kusa: masu babbaka, masu tafasa ruwa a kwata, masu tuwo-tuwo da ke bakin ƙofa, masu turara shinkafa da suyar gari. Ta fuskar doka kuwa ba a rasa ba. An kafa hukumar NESREA a 2007, ta fitar da ƙa'idojin zubar da ruwan masana'antun abinci da abin sha a 2009. A watan Nuwamban 2021, a taron sauyin yanayi na birnin Gilasgo, Najeriya ta shiga sahun ƙasashe fiye da 100 da suka yi alƙawarin haɗa hannu a rage metan na duniya da kashi 30 cikin 100 kafin 2030. A watan ne kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar sauyin yanayi. Aiwatarwa ce ta rage, ita kuma ba ta tafiya sai an matsa.

Abin da ke hannunki

Na farko, tsaron yara. Ki ja musu kunne kada su kusanci ramin kwata ko tafkin masana'anta. Saman irin wannan ruwa kan yi ɓawo har ciyawa ta tsiro, yaro ya ɗauka ƙasa ce ya taka. Haka ma ramin sokawe na gida. Kada ki yarda a tura yaro ko almajiri ciki don ciro wani abu ko yasa. Iskar da ke ciki na iya sumar da babban mutum kafin ya yi ihu, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma ba ya fitowa. Kada kuma a leƙa da ashana ko fitilar ƙwai, domin metan kaɗan ya isa ya tashi da wuta a rufaffen wuri.

Na biyu, idan kina sana'ar abinci a gida, awara ce, koko, daddawa ko turara shinkafa, ki riƙa tace ruwan kafin ki zubar. Dusa da tukuɗin waken suya abincin awaki da kaji ne, wasu ma saye suke yi. Ɓawon da dabba ba ta ci, a tara shi a inuwa a gauraya da busasshen ganye da toka, a riƙa juya shi duk mako don ya sha iska. Cikin 'yan watanni kin samu takin da za ki zuba wa zogale da alayyafo. Wanda aka tura kwalbati kuwa, toshewa zai yi ya tara sauro.

Na uku, a wurin mai nama. Ki tambaya da me aka babbaka gandar. Wadda ke warin roba ko ke barin baƙi mai maiƙo a hannu, ki bar ta. Mahauci ɗan kasuwa ne, idan mata goma suka yi masa tambaya ɗaya a mako, zai kai maganar gaban Sarkin Pawa.

Na huɗu, bakinmu. Kwatocin garuruwanmu galibi a hannun ƙaramar hukuma ko jiha suke, ana kuma karɓar kuɗi a kan kowace dabbar da aka yanka. Idan ɗan takarar kansila ko ciyaman ya zo neman ƙuri'ar mata, bayan atamfa da sabulu a tambaye shi ina jinin kwata da kayan tumbi ke tafiya, me kuma zai yi a kai. Ƙungiyoyinmu na adashi da na masu sana'a, musamman masu turara shinkafa, za su iya neman jami'a ko kwalejin fasaha mafi kusa ta duba musu ko ruwan da suke zubarwa, idan an haɗa da kashin dabbobi, zai riƙe ƙaramin tanki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma mata 30 da ke sayen icce kullum sun san nawa suke ƙonawa a wata, kuma da wannan lissafin ake fara magana.

'Yan uwa da ke zaune kusa da kwata, injin shinkafa ko wurin suyar gari, ku rubuto mana a ƙasa. Ina ruwan ke bi a unguwarku? Yaya kuke fama da shi da damina? Idan kuma akwai wadda ta taɓa girki da irin wannan gas, ta faɗa mana yadda ta same shi da abin da ya ci mata, sauran mu ƙaru.